Hoton da Aka Kife: Fasaha ce ko Rufa-Ido?

Ruwan sama ya ɗauke da la'asar, rana ta ɗan leƙo, sai na ga wani saurayi da na sani ya durƙusa a bakin ruwan da ya kwanta gefen titi. Ya juya wayarsa kai ƙasa har gilashin kyamarar ya kusa taɓa ruwan. Masu wucewa na ta kallonsa, wasu sun ɗauka kuɗinsa ne suka faɗi. Da ya miƙe sai ya nuna mini abin da ya samu: hasumiyar masallaci a cikin ruwa, da gajimare, da wani mai keke da ya gifta. Daga nan ya murza hoton da yatsa, ya mai da ƙasansa sama. Nan take hasumiyar cikin ruwa ta miƙe tsaye tana ɗan rawa, kwalta da tsakuwa kuma suka koma rataye a inda ido ya saba ganin sararin samaniya. Na daɗe ina kallo kafin na gane inda ƙasa take.

Saurayin yaron shago ne a wurin wani dattijo mai sana'ar hoto, wanda ya fara aiki tun zamanin fim da ɗakin duhu. Da muka koma shago aka nuna masa, ya riƙe wayar, ya jujjuya ta, ya ce, "Kai yaro, wannan ai dabo ne. Wanda ya kawo maka kuɗinsa, kamanninsa yake so ya gani." Yaron ya russuna ya ce, "Maigida, wallahi ban ƙara komai ba, ban rage komai ba. Abin da ke wurin na ɗauka." Ba su daidaita ba a ranar, ni ma na tafi gida da maganar a raina, domin na ga kowannensu yana riƙe da hujjar da ba ta yarwa ba ce.

Hujjar dattijon ita ce ta fi kusa da yadda yawancinmu muka ɗauki hoto. A wurinmu hoto shaida ne. Shi ake liƙawa a fasfo, shi ake kai wa dangin da ba su samu zuwa biki ba, shi ake ɗaukowa bayan shekaru a ce wa yara ga kakanku. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, kuma darajar hoto duk ta rataya ne a kan wannan amana. Wanda ya koya wa ido cewa abin da yake gani a hoto yana iya zama a birkice, to ya taɓa jarin da duk masu sana'ar suke ci da shi.

Akwai misalin da ke ƙarfafa wannan tsoro. A gabashin tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya akwai wani wurin bauta da ake kira Lempuyang, mai wata doguwar ƙofa da ake hango dutsen Agung ta tsakiyarta. Hotunan wurin sun bazu a Instagram: mutum tsaye a tsakiyar ƙofa, ƙarƙashinsa tabki garai-garai yana maimaita shi da ƙofar da gajimare. Masu yawon buɗe ido suka riƙa tururuwa, suna bin layi na sa'o'i. A shekarar 2019 maganar ta fasu a duniya cewa babu wani tabki a wurin. Daɓe ne kawai. Masu ɗaukar hoton wurin wani ɗan madubi suke karawa a ƙarƙashin kyamarar waya, shi ne ya zama ruwan. Ba a taɓa hoton da kwamfuta ba, duk abin da ya faru a gaban kyamara ya faru, amma mutane sun biya kuɗin jirgi don ganin ruwan da babu shi. Wannan ya nuna cewa kariyar da yaron ya kawo, wai bai ƙara komai ba, ba ta isa ita kaɗai ta wanke mai hoto ba.

Juya dama ta koma hagu ma yana da tasa ɓarnar, ko da ba da gangan aka yi ba. Hotunan farko-farko da ake yi a kan farantin ƙarfe a ƙarni na 19 a juye suke fitowa kamar a madubi. Wani shahararren ɗan bindiga na Amurka da ake kira Billy the Kid, wanda aka kashe a 1881, ya bar irin wannan hoto, bindigarsa ta hannu tana rataye a ɓangaren da ya yi kama da hagunsa. Shekaru da yawa ana cewa bahago ne, har aka yi fim a kansa a 1958 da sunan da ke nuna haka. Sai daga baya masu lura suka duba doguwar bindigar da yake riƙe da ita, suka ga wurin ɗura harsashinta yana gefen da kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa sanya shi ba, aka gane hoton ne a juye. Mu kuwa da dama da hagu suke da matsayi a tarbiyyarmu, abin ya fi shafarmu. Kyamarar gaba ta waya madubi take kwaikwayo, shi ya sa rubutun jikin riga ke fitowa a baibai. Mutane nawa aka yi wa ca a kan sun ci abinci ko sun miƙa abu da hagu a bidiyo, alhali da dama suka yi? Rubutun Larabci da ke jikin bango ma, idan aka juya shi haka, ya daina karantuwa, kuma idan aya ce ko sunan Allah, babu mai hankalin da zai so ya ga an kife shi don ƙawa.

Sai kuma maganar da ta fi damuna a wannan ɓangare. Ruwan da yaron ya durƙusa a gabansa, me ya kwantar da shi a kan titi? Kwata ce ta toshe. Washegari sauro ne zai yi ƙwai a ciki, mai babur ne zai faɗa ramin da ya ɓoye. Kyamara tana iya mai da wannan duka ya zama abin sha'awa, mai kallo ya ce kai, garin nan da kyau yake, ya wuce. Kyan ɗan maciji ke nan. A watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, tituna sun zama madubi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wanda zai tsaya a irin wannan wuri yana neman inda inuwar gini ta fi kwanciya daidai, alhali masu ginin suna kwana a sansani, ya kamata ya tambayi zuciyarsa. Madubi da gilashin taga kuma suna ba mai hoto damar ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba: ka fuskanci gilashin shago, alhali matar da ke bayanka kake nufi. Kyamarorin yau sun kai inda ake iya zuƙo abin da ya bayyana a ƙwayar idon mutum. A Japan a 2019 an kama wani da ya gano tashar jirgin ƙasan da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar nazarin inuwar da ke cikin idonta a hotunan da ta wallafa, ya bi ta ya kai mata hari.

Ko an ajiye batun ɗabi'a a gefe, masu suka suna da wata magana ta sana'a zalla: dabarar tana da araha. An cika kasuwa da ƙwallon gilashi mai kife duk abin da aka hanga ta cikinsa, kowa ya saya ya ɗora a tafin hannu, hotuna dubu suka zama iri ɗaya. Wanda bai da abin faɗa sai ya kife hoto don a ce ya yi zurfin tunani.

To amma idan aka koma ɓangaren yaron, abu na farko da za a tarar shi ne dattijon da kansa ya fi kowa sanin cewa hoto a kife ake haifarsa. Duk wanda ya ga masu hoto na da, masu akwati a kan ƙafa uku da baƙin ƙyalle a ka, to ya sani abin da suke gani a ƙarƙashin ƙyallen nan mutum ne kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama. Dalilin kuwa tsoho ne. Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya. Idan ya ratsa ƙaramin huji ya shiga ɗaki mai duhu, wanda ya taso daga sama ƙasa zai sauka, wanda ya taso daga ƙasa kuma sama zai hau. Haka abin yake a cikin kowace kyamara har ta wayar da ke aljihunka, injin ne ke miƙar da hoton kafin ya nuna maka. Haka yake a cikin idon ɗan Adam: surar da ke sauka a bayan ƙwayar ido a kife take, ƙwaƙwalwa ce ke karanta ta daidai. Wani mai hoto haifaffen Kyuba mai suna Abelardo Morell ya gina sana'arsa a kan wannan tun 1991. A farkon aikin yakan toshe tagogin ɗaki da baƙar leda, ya bar ɗan huji, sai duniyar waje ta shigo ta kwanta a kife a kan bango da gado da kujeru, shi kuma ya bar kyamara a buɗe na sa'o'i har ta kama abin. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kowane ɗaki mai duhu da ke da huji a ƙyaure yana yin haka da rana, mu ne ba mu lura ba.

Har a fagen fiƙihu madubi ya taɓa zama hujjar masu hoto. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar a farkon ƙarni na 20, ya rubuta risala yana kafa hujja cewa hoton kyamara tsare inuwa ne, kamar wadda ke bayyana a madubi, ba ƙirƙirar sura da hannu ba. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma ba fagena ba ne in raba gardama a cikinta. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, tun farkon zuwan kyamara mutane sun gane cewa hoto da inuwar madubi 'yan gida ɗaya ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wadda mutane da yawa ba su sani ba: inuwar da ke cikin ruwa ba maimaicin abin da ke sama ba ce. Ka tsaya a bakin kogi ka dubi gada, samanta da gefenta za ka gani. Ka dubi inuwarta a ruwa, sai ka ga cikinta ta ƙasa, da ƙarafan da suka tallafe ta, da sheƙar tsuntsayen da ke maƙale a wurin. Ruwa yana nuna maka abu kamar daga ƙarƙashinsa kake leƙe. Shi ya sa inuwar jabu da ake haɗawa da manhaja, a kwafi rabin hoto a kife shi a ƙasa, take saurin tonuwa ga mai ido: ta yi daidai fiye da kima. Inuwar gaskiya tana ƙara wa mai kallo sani. Kuma samunta sai da gumi. Idan ka kalli ruwa daga tsaye kai tsaye, kashi biyu cikin ɗari ne kawai na hasken yake dawo maka, shi ya sa taɓo da leda kake gani a ƙasansa. Kana sunkuyawa yana ƙara zama madubi, har idan idonka ya kusa dabra da fuskar ruwan sai kusan duk hasken ya dawo. Wannan ne ya durƙusar da yaron ya kuma sa ya juya waya kai ƙasa. Sai ya jira iska ta lafa. Sai ya san cewa saitin kyamara a kan nisan hasumiyar zai yi shi, domin idan ya saita a kan fuskar ruwan, ganyen da ke yawo ne zai fito tar, hasumiya ta dushe. Wanda ya san wannan duka ya koyi sana'a, ko da a waya ya koya.

Ɗaya daga cikin hotunan da suka fi shahara a tarihin wannan sana'a a kan irin wannan ruwa aka ɗauke shi. A 1932, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Faris, Henri Cartier-Bresson ya leƙa ta tsakanin katakon shinge ya ɗauki wani mutum ya yi tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta. Dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa dunduniyar inuwarsa. Ka rufe rabin ƙasa na hoton da hannu, abin da ya rage mutum ne kawai a wani fili mai tarkace. Inuwar ce take gaya maka cewa cikin ƙiftawar ido zai faɗa ruwa, madubin ya tarwatse. Magina ma sun riga masu kyamara gane haka. Dogon tafkin da ke gaban Taj Mahal a Agra, da wanda ke tsakar fadar Alhamra a Garnada ta Andalus, an shimfiɗa su ne yadda ginin zai bayyana sau biyu ga mai shigowa. Wanda ya ɗauki waɗannan gine-gine tare da inuwarsu ya cika nufin maginin.

Gardamar shagon nan ma an taɓa yin irinta da zafi a Rasha. Alexander Rodchenko ya yi ta sukar yadda kowa ke ɗaukar hoto daga daidai cibiya, ya riƙa hawa bene yana ɗaukar mutane daga sama, yana kwanciya yana ɗaukar gini daga ƙasa. A 1930 ya ɗauki wani yaro mai busa ƙaho daga ƙarƙashin haɓa, kumatu a kumbure, fuska ta sauya kama. Aka ce ya munana matasan ƙasa, ya fifita salo a kan saƙo, kuma a 1931 aka kore shi daga ƙungiyar masu fasahar da yake ciki. Yau kusurwoyin da aka kore shi a kansu su ne ake gani a kowane tallan waya da kowane wasan ƙwallo. A nan gida Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna wajen dubu, da yawansu daga ƙeya. A ƙa'idar shagon hoto wannan kuskure ne, domin fuska ake biya a ɗauka. Amma da ya bi ƙa'idar, da salon kitso masu yawa sun ɓace ba tare da shaida ba. Ido yana gajiya da abin da ya saba. Titin da kake bi kullum shekara ashirin ka daina ganinsa, sai ranar da wani ya kife maka shi sannan ka lura cewa ashe hasumiyar nan akwai zane a wuyanta.

Da na auna, sai na ga dattijo da yaronsa ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Dattijon yana kare wanda zai yarda da hoto ya gina hukunci a kansa. Yaron yana kare haƙƙin ido ya sake duban abin da ya saba. Mai raba su shi ne abin da mai kallo zai tafi da shi a ransa. Hoton yaron yana rikita ka na ɗan lokaci, sannan da kansa ya warware maka: ga tsakuwa a sama, ga ganye yana yawo a kan gajimare, ka gane ruwa ne, ka yi murmushi. Hoton Bali kuwa an yi shi ne don kada ka taɓa ganewa. Na farko ya bar maka ƙofar fita, na biyu ya kulle ta. Don haka ban yarda da dattijon ba cewa kife hoto dabo ne, kuma ban yarda da yaron ba cewa rashin ƙara komai ya isa hujja.

Wurin da hoto zai je ma yana canza hukunci. Manyan kamfanonin dillancin labarai sun hana ma'aikatansu ƙara wani abu ko cire shi daga hoto, kuma a gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙa'ida. Wannan tsanani daidai ne a aikin jarida, a hoton kotu, a tallan fili ko gida ko otal, duk inda wani zai kashe kuɗi ko ya yanke hukunci saboda abin da ya gani. A bangon ɗakin baje kolin fasaha ko a bangon littafi, mai kallo ya san wasan da aka gayyace shi, babu wanda aka cuta.

Batun ambaliya kuwa, akwai wanda ya nuna cewa kyau da amana suna iya zama a hoto ɗaya. Gideon Mendel, ɗan Afirka ta Kudu, yana bin wuraren da ruwa ya ci tun 2007, ya zo Bayelsa a 2012. Yakan shiga ruwan tare da masu gida, ya ɗauke su tsaye a cikin ɗakunansu, ruwa har ƙugu ko ƙirji, suna kallon kyamara ido cikin ido, da saninsu da sunayensu. Inuwarsu tana nan kwance a kan ruwan, ƙofa da taga sun zama biyu-biyu, hoton ya yi kyau ƙwarai. Sai dai kyan bai ɓoye mutumin ba, shi ne ma yake riƙe idonka har ka kasa kauce wa fuskarsa. Da a ce ya yanke mutumin ya bar inuwar taga kawai, da sukar da na kawo a sama ta hau kansa.

Hukuncina ke nan: ɗaukar inuwa a ruwa ko gilashi, da kife hoto, da neman kusurwar da ba a saba ba, fasaha ce ta gaske mai asali, kuma ya kamata manyan masu sana'a su bar yaransu su koye ta. Ku kuma matasa masu durƙusawa a bakin ruwa da damina, ku ci gaba, amma da sharaɗi. Idan madubi kuka kara ko manhaja ta haɗa muku inuwar, ku rubuta a ƙasan hoton. Kada ku kife rubutu mai alfarma, kada ku ɗauki matar mutane ta gilashi ba da saninta ba. Idan kuma ruwan da kuka ɗauka na toshewar kwata ne, to bayan kun gama da inuwar hasumiya ku miƙe tsaye ku ɗauki kwatar ita ma, ku nuna wa masu unguwa da hukumar da abin ya shafa.